Hoton Amarya a Hannun Ka-fi-Rana

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu gyara zama.

An yi wani mai ɗaukar hoto, yana da ɗan matsattsen shago tsakanin shagon tela da na mai aski. A saman ƙofar ya kafa allo wanda ya fi ƙofar faɗi, an rubuta KA-FI-RANA da jan fenti. Ba wanda ya raɗa masa wannan suna. Shi ya zauna ya raɗa wa kansa, ya yi ta kiran kansa da shi har mutanen layin suka gaji suka bi shi. Aikinsa na kullum kuwa hoton katin shaida ne. Ka zauna a benci, ya ce ɗaga haɓa, daina motsi, ƙyas, ka tashi. Kaf layin babu fuskar da ba ta kwance a cikin kwamfutarsa.

Amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ƙirƙiro haske.

"Rana fa ba ta je makaranta ba," yakan ce. "Fitowa kawai take yi ta haska kowa da komai, da mutum da juji. Ni kuwa sai na zaɓi inda haske zai sauka."

Mai aski yakan amsa daga ƙofarsa, "To ka yi mata magana ta rage zafi mana, tunda ƙanwarka ce."

Shagon nan ba nasa ba ne, na yayarsa ne da suke ciki ɗaya, ita ta ba shi ya zauna. Yaya mace ce mai haƙuri, amma in ta faɗi magana ba ta lashe ta. Da bikin 'yarta ya matso, sai labari ya iske Ka-fi-Rana cewa Yaya za ta ɗauko wani mai hoto daga can wata unguwa. Ko shagon bai rufe ba ya fita da gudu, ya same ta a hanya tana dawowa daga kasuwa, ya biyo ta yana magana har ƙofar shagon tela.

"Yaya, ina raye? Ina numfashi za ki kai fuskar 'yata hannun bare? Me za a ce da ni a layin nan?"

"Za a ce da kai mai hoton kati, abin da kake ke nan."

"Wallahi in na haska yarinyar nan, sai ango ya nemi a sake ɗaura auren don daɗi."

Yaya ta ajiye kwandonta ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "To, wanda ya ce zai haɗiye gatari sai a riƙe masa ƙota. Babban hoto guda nake so, wanda za a buɗe a zauren biki gaban dangin ango, daga nan a kai shi ɗakinta. In 'yata ta fito 'yata, ka zauna a shagon nan har ka yi furfura. In ka ba ni kunya, ka ba ni makullina. Da ma tela ya daɗe yana roƙona ɗakin zai zuba yadi."

Tela yana ciki yana jin su. Sai ya zaro tef ɗin awonsa daga wuya, ya fito ya auna faɗin ƙofar Ka-fi-Rana, ya gyaɗa kai ya koma.

Yanzu fa sai neman haske. Fitilar aikinsa guda ce, ita ma sai an ɗan mare ta take kamawa. Ya tuna da mai kiwon kaji na ƙarshen layi, yana da wasu manyan fitilu masu murfi kamar kwano, a rataye ba a amfani da su tunda kajin sun girma. Ya je ya ce a ba shi aro duka.

Mai kaji ya ce, "Ka san fa waɗannan na ɗumama 'yan tsaki ne. Zafi gare su."

"Malam, kai kaji ka sani, ni haske na sani. Kowa ya tsaya a gonarsa."

"Allah ya ba da sa'a," in ji mai kaji, ya kwance masa su.

Daga nan ya nemi aron babban madubin mai aski, wai don ya riƙa dawo da haske kan fuska. Mai aski ya ce madubinsa ba ya fita unguwa shi kaɗai, sai dai ya rako shi. Haka suka jera zuwa gidan Yaya ana gobe biki, ɗaya na rungume da madubi, ɗaya na jan buhun fitilu, wayoyi na bin su a ƙasa kamar jela.

Suka iske amarya a falo zaune kusa da taga, cikin farar rigar bikinta. Mai kwalliya tun safe take aiki a fuskarta. Yarinya ce baƙa kyakkyawa, tana da wushirya, da ɗan ɗigon baƙi a ƙarƙashin idon hagu, irin wanda ake haifar mutum da shi. Hasken hantsi ya shigo ta labule ya kwanta mata a kumatu a hankali. Ko mai aski da ya shigo sai da ya ce masha Allah.

Ka-fi-Rana ya dubi tagar ya yi tsaki.

"Wa ya bar wannan jahilar ta shigo? A kawo bargo."

Aka kawo bargo ya toshe tagar ruf. Ya rataya fitila a ƙusar agogon bango, wata a jikin ƙofa, wata a bayan kujera, wata ya ɗora a kan kabad, ya cusa wayoyin duka a soket guda. Ya tsayar da mai aski a gefe da madubi. Sa'an nan ya hau kan ɗan tebur, ya cire takalmi don kada Yaya ta yi magana, ya ce, "Bismillah. Ku ga aiki."

Ya kunna. Falon ya koma ja jawur kamar cikin murhu.

"Kawu, ba na gani," in ji amarya.

"Ba ke za ki gani ba, 'yata, ke za a gani. Buɗe ido. Mai aski, karkato madubin."

Mai aski ya karkato, hasken ya tattaru ya daki amarya tsakiyar ido. Ta runtse. Ƙyas.

"Buɗe ido na ce!"

"Ai sun ƙi buɗuwa, Kawu."

Ƙyas. Ƙyas.

Ba a jima ba gumi ya keto wa kowa. Hodar da mai kwalliya ta ɓata safiya tana shafawa ta fara gangarowa layi-layi. Jan baki ya narke ya bi haɓa. Gashin idon da aka liƙa na dama ya saki, ya zamo a hankali ya zauna a kan kumatu kamar ƙwaro.

Mai kwalliya ta ɗora hannu a ka. "Wayyo aikina! Malam, hoto kake ɗauka ko gasa ta kake yi?"

"Ke, wannan shi ake kira ɗumin launi. Ba fanninki ba ne."

"Kawu," in ji amarya, "in na nuna ka gaya mini in juya ɗaya gefen."

Mai aski ya ƙyalƙyale da dariya, madubin ya girgiza, haske ya yi ta tsalle a bango. Ana cikin haka kazar Yaya ta turo ƙofa ta shigo da 'ya'yanta a jere, suka wuce kai tsaye ƙarƙashin fitilar bayan kujera suka kwanta abinsu.

"To ka ga waɗanda suka san darajar aikinka sun iso," in ji Yaya daga bakin ƙofa tana fifita da gefen mayafi.

Ka-fi-Rana ya share gumi ya ce zafi ba matsala ba ne ga gwani, a kawo fanka. Aka jawo babbar fanka, ya laluba ya cusa wayarta a soket ɗin nan da ya riga ya cika. Fanka ta tashi da ƙarfi, ta yaye lulluɓin amarya ta watsa masa a fuska, ta tarwatsa 'yan tsaki kowanne ya kama gabansa. Sai aka ji fat! Soket ya yi tartsatsi, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Duhu, kukan kaza, ƙaurin roba.

"Kowa ya tsaya inda yake, yana cikin tsari!" in ji Ka-fi-Rana daga kan tebur.

Yaya ba ta saurare shi ba. Ta laluba ta kama bargon nan ta fizge. Rana ta faɗo cikin falon gaba ɗaya. Ka-fi-Rana, da lulluɓi a ka, ido ya saba da duhu, ya ja da baya ya taka iska. Ya tafi da baya ƙafafu a sama, yatsansa a kan maɓallin kyamara, amarya ta fara dariya. Ƙyas, sa'an nan tim!

Amarya ta dube shi a ƙasa, ga kaza tsaye a kan cikinsa, ta ƙara fashewa da dariyar da ta daɗe ba ta yi irinta ba.

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "An gama. Na sami abin da nake nema. Saura aikin kwamfuta, can ne ake bambanta gwani da ɗan koyo."

Da ya koma shago ya zuba hotunan a kwamfuta, ya shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk hoton da ya buɗe idon amarya a rufe gam. Hancin ya sha haske har ya ɓace, sai wani farin fili a tsakiyar fuska. Bakin kuwa a murguɗe, jan baki har haɓa. Na ƙarshe ne kaɗai ido a buɗe, amma a karkace yake, ga hasken taga, ga ƙafarsa a kusurwa. Ya yi tsaki ya ce, "Aikin rana ke nan, ba tsari," ya wuce shi.

Tela ya leƙo da awo a hannu. "Ranka ya daɗe, ɗan matsa in auna bangon bayanka. Kantar jera yadi nake son sawa."

Ka-fi-Rana ya rufe kwamfuta da hularsa. "Ka auna da kyau, nan za a rataya lambar yabona."

Da tela ya fita ya zauna yana tunani. Mai hankali da sai ya koma gidan Yaya ya ce a yi haƙuri a sake. Amma a sake da wane haske? Da na rana? Shi Ka-fi-Rana? Ai gara ya haɗiye kyamarar. Sai dabara ta faɗo masa, har ya tafa hannu. Ido ne babu? Ai yana da idanun layin nan kaf a ajiye.

Ya buɗe hotunan katin shaida yana dubawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir. Wannan ƙanana, wannan jajaye, wannan barci yake ji. Sai ya faɗa kan wasu idanu dara-dara farare, masu dogon gashi. Na mai aski ne. Ya ce, "Ido ai ba shi da namiji ba shi da mace." Ya yanko su ya liƙa wa amarya.

Saura baki. Ya sami murmushin matar tela, mai faɗi, haƙora a jere, da ɗan haƙorin gwal a gefe. Ya ce gwal ai ado ne, ya dace da ɗankunne. Ya yanko ya liƙa. Wushiryar amarya ta tafi.

Hanci ne ya ba shi wahala, har sai da ya tuna ango ya zo kwanan baya ya ɗauki hoton fasfo. Hanci dogo, miƙaƙƙe. "Gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? Hancin mijinta ai nata ne." Ya liƙa.

Sai launin ya ƙi haɗuwa, ido daban, baki daban, kumatu ja kamar barkono. Ya shiga gogewa yana haskawa, yana gogewa yana haskawa, har fuskar ta yi sumul kamar ƙwai, ta kusa sajewa da farar rigar. Ya ga ɗigon nan na ƙarƙashin ido, ya sa gefen riga ya goge gilashin kwamfutar, ɗigo bai tafi ba. Ya ce ƙura ce ta shiga kyamara, ya share shi. Ya ja kujera baya ya kalli aikinsa, har ƙwalla ta taru masa.

"Kai, Ka-fi-Rana, Allah ya yi maka baiwa."

Ya kai aka buga shi ƙato, tsayin mutum, aka sa firam mai ruwan gwal, ya naɗe shi da zanen gado, ya hana kowa leƙawa.

Ranar biki zaure ya cika maƙil. Dangin amarya a dama, dangin ango a hagu, mutanen layi a baya, amarya da ango a kan doguwar kujera a gaba. Aka jingina hoton a tsakiya. Mai gabatarwa ya miƙa wa Ka-fi-Rana lasifika don ya ce kalma biyu, ya yi ta zuba har abinci ya fara hucewa. Ya yi bayanin haske mai ilimi da haske jahili. Ya ce abin da za su gani yanzu, jikokinsu za su riƙa tambayar su ko da gaske suna wurin.

"Kawu, ka buɗe mana," in ji ango cikin ladabi.

Ya kama bakin zanen ya fizge.

Kowa ya zuba wa hoton ido. Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mai da hannu aljihu.

Uwar ango ta gyara tabarau ta matso. "Kyakkyawa ce kam. Baiwar Allahn nan daga dangin wa take? Ba a gabatar mana da ita ba."

"Amarya ce, Hajiya," in ji Ka-fi-Rana. "An dai ƙara mata gishiri."

Mai aski ya taso daga baya yana tafiya a hankali. Ya tsaya gaban hoton, ya matsa dama, ya matsa hagu. "Ikon Allah. Yarinyar nan kallona take kamar ina riƙe da kayanta. Na san ta a wani wuri."

Matarsa ta ɗaga murya daga kujerarta, "Yo ba dole ka san ta ba, maigida? Idonka ne! Da su kake harara ta kullum in miya ta yi gishiri."

Zaure ya ɗauki dariya. Tela ya fi kowa, yana bubbuga cinya yana cewa yau shago ya zama nasa. Sai matarsa ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha! Haƙorina!"

Dariyar tela ta tsaya cak. Ya ruga gaban hoton ya duba. "Kai! Bakin matata ne wannan! Me bakin matata zai je yi a ɗakin wani ƙato yana masa murmushi safe da yamma?"

"Aro na yi, maƙwabci, ai ba a rasa komai ba. Ga nata nan a jikinta."

Ango kuwa ya matso gaba. Yana kallon hoton, hannunsa na tashi a hankali har ya kai kan hancinsa. Ya shafa, ya sake duban hoton, ya sake shafawa.

"Kawu," ya ce, "wannan kamar nawa ne."

"To ai shi ke nan, miji da mata abu guda ne. Tun yanzu kun fara kama."

Wata tsohuwa a dangin ango ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Ta ce, "Mun ji ana cewa garin neman gira an rasa ido. Yau ga wanda ya rasa ido da hanci da baki."

Amarya ta taso tana jan rigarta, ta tsaya kusa da hoton ta dube shi sama da ƙasa. "Kawu, ni ina nake a ciki?"

Ka-fi-Rana ya duba da kyau, ya nuna da yatsa. "Kunnuwan naki ne, 'yata. Wallahi ban taɓa su ba."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ratso mutane ta zo gabansa ta shimfiɗa tafin hannu.

"Makulli."

"Yaya, a gaban surukai?"

"A gabansu ka buɗe, a gabansu za ka ba ni."

Ya shiga lalube a aljihu, na dama, na hagu, na ƙirji, yana jan lokaci ko Allah zai kawo ɗauke wuta. Amarya kuwa tausayin kawunta ya kama ta. Ta zare kyamarar da ke rataye a wuyansa ta ce bari ta ga ko akwai na kirki ko guda. Ta yi ta wucewa, ido a rufe, ido a rufe, ido a rufe. Sai ta tsaya. Ta rufe baki da hannu, ta miƙa wa ango.

Hoton nan ne na ƙarshe. Ya ɗan karkace, amma ga amarya cikin hasken taga, kai a ɗage tana dariya, ga wushiryarta, ga ɗigonta, idanunta na ƙyalli, gashin ido guda a kumatu ko a jikinta. A kusurwar ƙasa kuma ga ƙafar Ka-fi-Rana ta miƙe sama, babban yatsa ya leƙo ta hujin safa.

Ango ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yauwa. Wannan ce na aura."

Kyamara ta zaga hannu zuwa hannu har ta kai ga uwar ango. Ta ce, "Masha Allah, ga 'yarmu. Wannan ƙafar kuma ta wa ce?"

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ka-fi-Rana ya cafke lasifika. "Jama'a, kun ci jarrabawa! Da ma wancan na gwada idonku ne. Wannan shi ne ainihin aikin. Kun san wahalar ɗaukar hoto mutum yana tsakanin sama da ƙasa? Yanzu ku ba ni shi in je in ɗan gyara, in cire ƙafar, in ɗan ƙara haske a..."

"A'a!" in ji zauren gaba ɗaya, har da mai kiɗa.

Yaya ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa. Ta janye hannunta ta ce, "Na ce in 'yata ta fito 'yata ka zauna, ga ta ta fito, ko da ba da saninka ba. Riƙe makullinka. Amma haka za a buga shi, ba gyara, har da ƙafarka da hujin safarka. Fitilu a mayar wa kaji. Wancan dodon kuma ka kafa shi a ƙofar shagonka, duk mai shigowa ya san hannun da zai faɗa."

Tela ya naɗe awonsa yana ƙunƙuni. Washegari da aka kafa hoton a ƙofar shago, ya fito da ƙyallen yadi ya liƙe bakin matarsa, ya ce ido da hanci ba ruwansa, amma wannan da aurensa. Mai aski kuwa kullum da safe sai ya tsaya ya gai da idanunsa kafin ya buɗe shago.

Ka-fi-Rana bai rage komai ba. Duk wanda ya tsaya kallon hoton sai ya fito yana gyara hula ya ce, "Ka gani? Wasu sai sun tara mutane a fili kafin su ɗauki hoton unguwa. Ni a fuska guda na haɗa ta."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In kun ce ƙarya na shirga, ku je ɗakin amarya ku duba kusurwar hoton, yatsan yana nan yana leƙen baƙi.